Patroni, Galera ko Hannun Mutum: Wa Zai Karɓi Ragama Idan Sabar Garwa Ta Faɗi?

Yawancin bayanan da ake samu a intanet kan yadda ake haɗa saba (kwamfutar da ke riƙe bayanan ma'aikata) biyu ko uku su riƙa kwafar rumbun bayanai ɗaya, marubutansu suna zaune ne a inda saba ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Faifai ya lalace ko fankar ciki ta tsaya, sauran injinan suna nan lafiya lau, layin da ke tsakaninsu ko gezau. Mu a arewacin Kamaru da Cadi ba haka abin yake zo mana ba. Wutar Garwa da Marwa da Ngaundare galibinta daga madatsar Lagdo take, mai megawat 72 a kan kogin Binuwai, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya kowa ya san abin da ke biyowa, duk da tashoshin hasken rana da aka ƙara a Marwa da Gidar. In aka ɗauke wuta kuma janareta ya ƙi tashi, duk abin da ke cikin ɗakin saba tare yake tafiya, har da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) da na'urar intanet. In ba wuta ba, to layi. Masu tonon kwalbati su sare wayar fayiba a bakin titi, reshen Marwa ya daina ganin hedikwata, alhali injinan biyu duk suna aiki. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, wanda in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya yakan kashe injinan ɗaki ɗaya cikin lokaci kusan ɗaya.

Saboda haka tambayar da zan bi kowace manhaja da ita a nan ita ce: me take yi idan layi ya yanke amma kowa na raye, kuma me take yi idan kowa ya mutu tare sannan wuta ta dawo? Zan riƙa misali da ƙaramin bankin ajiya da bashi mai hedikwata a Garwa da rassa a Gidar da Marwa, amma maganar ta shafi asibiti, babban shagon magunguna, ko ofishin rajistar ɗalibai. Sabar da ake rubutu a kanta zan kira ta jagora, wadda ke kwafa tana jira kuma magajiya.

Zaɓin farko dai sau da yawa an riga an yi maka shi. Idan manhajarku Odoo ce ko DHIS2, kuna kan manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL. Idan OpenMRS ce ko WordPress, kuna kan MySQL ko MariaDB. Kada wani ya ruɗe ka ka canza rumbu kawai don ya fi son kayan kwafin ɗaya ɓangaren. Kowanne yana da hanyar da za ta isar.

Kwafin tare da kwafin biyo-baya

Kafin sunan kowace manhaja, sai an yanke wannan. A kwafin biyo-baya, jagora tana rubuta ajiyar da kashiya ta shigar, ta ce an gama, sannan ta tura wa magajiya. Yana da sauri, kuma ko layi ya yanke aiki ba ya tsayawa. Illarsa ita ce in jagora ta mutu a daidai wannan taƙin, abin da bai kai ga magajiya ba ya tafi. Mai ajiya yana riƙe da rasit, rumbu kuwa bai san da kuɗinsa ba. A kwafin tare, jagora ba ta cewa an gama sai magajiya ta amsa cewa ta karɓa. Ba a rasa komai, amma kowane rubutu sai ya jira tafiya da dawowa.

Lissafin jiran nan mai sauƙi ne, kuma shi ne ke raba gardama. Haske a cikin fayiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, don haka Garwa zuwa Marwa da dawowa a takarda bai wuce milisakan biyu zuwa uku ba. Sai dai saƙo ba ya bin hanyar mota. In hedikwata tana kan wani kamfanin sadarwa, reshe yana kan wani, saƙon yana iya gangarawa har Yawunde ko Duwala, inda mahaɗar kamfanonin take, kafin ya hauro. A ce ka auna ka samu milisakan 40. Haɗi ɗaya ba zai wuce rubutu 25 a daƙiƙa ba. Ga kashiya wannan ba komai ba ne, ba za ta ma lura ba. Amma aikin ƙarshen wata da ke lissafa ribar asusu 10,000, yana rufe kowanne daban, zai ƙara daƙiƙa 400 na zaman jira kawai. In magajiyar tana Faransa ce kuma jinkirin ya kai milisakan 120, jiran ya zama minti 20.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. A PostgreSQL, wanda ya samu kwafin tare tun siga ta 9.1 a 2011, in magajiya ɗaya ce tak aka ɗaura wa wannan aiki kuma ta ɓace, jagora za ta tsaya cik tana jiranta, ba iyaka. Wato ka sayi saba ta biyu don aiki ya daina tsayawa, sai ga shi mutuwar kowacce daga cikin biyun tana tsayar da kai. MySQL ya bi ta wata hanya: nasa yana jira daƙiƙa 10, in bai ji amsa ba sai ya koma biyo-baya shiru, ba tare da ya tambayi kowa ba. Aiki ya ci gaba, amma alkawarin rashin asara ya warware a daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Abin da nake so a PostgreSQL shi ne ana iya saita synchronous_commit ga kowane rubutu daban, kuɗi ya bi ta kwafin tare, tarkacen rajistar wa ya shiga wa ya fita kuma ya wuce ba jira.

Hukuncina a nan gajere ne: kwafin tare tsakanin injinan gari ɗaya, biyo-baya tsakanin garuruwa.

Me ya sa biyu ba sa isa

Magajiya ta daina jin jagora. Daga inda take zaune ba ta da hanyar sanin ko jagora ce ta mutu, ko kuwa layin da ke tsakaninsu ne ya yanke. In ta naɗa kanta alhali jagora na raye, an samu sarki biyu a gari ɗaya: kashiyoyin Garwa suna rubutu a wannan, na Marwa suna rubutu a waccan, mutum ɗaya yana iya cire kuɗi ɗaya sau biyu, kuma babu manhajar da za ta haɗa maka littattafan nan biyu daga baya. Da hannu za a zauna a bi su layi-layi. Awa uku ba aiki ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Ba ƙananan ma'aikatu kaɗai abin ke ci ba. Ranar 21 ga Oktoban 2018, layin da ke haɗa wata cibiyar GitHub, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ta gabashin Amurka ya yanke na daƙiƙa 43 kacal. Manhajar Orchestrator da ke kula da rumbunansu na MySQL ta yi abin da aka saita ta ta yi, ta miƙa ragama ga sabobin yammacin ƙasar. Da layi ya dawo, kowane ɓangare yana da rubutun da ɗayan ba shi da shi. Sai da suka shafe awa 24 da minti 11 kafin komai ya daidaita. Yankewar daƙiƙa 43 kuwa, a layin da ke tsakanin Garwa da Marwa, ba abin da za a ba da labarinsa ba ne.

Maganin da kowa ya dawo gare shi shi ne ƙuri'a: murya uku, wanda ya samu biyu shi ne jagora, wanda ya tsinci kansa shi kaɗai ya sauka. Uku suna jure rashin ɗaya, biyar suna jure rashin biyu, biyu kuwa ba sa jure rashin ko ɗaya. Sai dai muryoyi uku da ke kan soket ɗaya da suwic ɗaya murya ɗaya ce. Ta ukun ba sai ta zama babbar saba ba, ƙaramar kwamfuta ma ta isa, amma dole wutarta da layinta su zama daban. Kafin ka karanta sauran, ka tambayi kanka ko kana da wannan wuri na uku. In babu, tsallaka zuwa maganar hannun mutum a ƙasa.

Ɓangaren PostgreSQL

PostgreSQL yana kwafi da kansa tun siga ta 9.0 a 2010, amma har yau ba ya miƙa ragama da kansa. Wannan aikin wata manhaja ake ɗora masa, kuma uku ne aka fi gani.

Patroni, wanda kamfanin Zalando na Jamus ya fitar, shi ne ya fi ƙarfi kuma shi ne ya fi neman hidima. Ba ya yanke hukunci da kansa. Yana dogara da wani ƙaramin rumbu na ƙuri'a, yawanci etcd, ko Consul ko ZooKeeper, inda jagora ke riƙe da makulli mai wa'adin daƙiƙa 30, tana sabunta shi duk daƙiƙa 10. In wa'adin ya cika ba ta sabunta ba, magajiyoyi su duba wadda ta fi kusa da ƙarshen rubutu ta ɗauki makullin. Abin da ya sa na yarda da shi shi ne ɗaya gefen: jagorar da ta kasa sabunta makullinta tana sauke kanta, ta koma karatu kawai, ba ta jiran a zo a ce mata. In ma Patroni ɗin ne ya sandare, ana iya haɗa shi da mai gadin cikin Linux wanda zai sake kunna injin gaba ɗaya kafin wa'adin ya cika. Tsohuwar jagora in ta farfaɗo, Patroni yana iya amfani da pg_rewind ya mai da ita magajiya ba tare da an sake kwafo rumbun duka ba, muddin an kunna wal_log_hints ko tantance shafukan bayanai tun farko.

To ga inda yake cizon mutanenmu. Tunda jagora tana sauka duk lokacin da ta kasa kaiwa ga etcd, lafiyar rumbunka ta koma lafiyar etcd. Mutum ya karanta cewa a raba muryoyi uku a wurare uku, sai ya sa ɗaya a Garwa, ɗaya a Marwa, ɗaya a Ngaundare. Ranar da layin hedikwata ya yanke, muryar Garwa ta zama ita kaɗai, jagora mai cikakkiyar lafiya ta daina karɓar rubutu, kashiyoyin da ke zaune mita goma daga gare ta sun tsaya, ragama kuma ta koma Marwa inda su ba sa iya kaiwa. Ƙari a kan haka, etcd an gina shi ne don layi mai sauri: bugun zuciyarsa milisakan 100 ne, in ya yi daƙiƙa ɗaya bai ji shugabansa ba sai ya kira sabon zaɓe. Layin da ke tangal-tangal zai sa shi zaɓe ba ƙaƙƙautawa. Yana kuma jin haushin faifai mai nauyin jiki, don haka kada a haɗa shi faifai ɗaya da rumbun da ke shan aiki. Ana iya tsawaita waɗannan lokutan, kuma tun siga ta 3.0 Patroni yana da failsafe_mode, wanda ke barin jagora ta ci gaba da aiki ko etcd ya ɓace, in dai tana iya magana da dukkan sauran sabobin kai-tsaye. Duk wanda zai kafa Patroni a yankin nan ya kunna shi. In ka tsawaita wa'adin makulli, ka kiyaye ƙa'idarsa: loop_wait (taƙin sabunta makulli) da ninki biyu na retry_timeout (lokacin sake gwadawa) kada su wuce ttl (wa'adin makullin).

Sannan Patroni ba ya nuna wa manhajarka inda sabuwar jagora take. Yawanci HAProxy, manhajar da ke miƙa haɗi ga sabar da ta dace, ake sawa a gaba, yana tambayar kowace saba ta ƙofa ta 8008 ko ita ce jagora, shi ma HAProxy ɗin sai an yi masa na biyu da keepalived, wanda adireshinsa mai yawo ba ya aiki sai a cikin rezo (haɗin kwamfutoci) ɗaya na gida. Ka ƙirga: PostgreSQL, Patroni, etcd, HAProxy, keepalived. Abu biyar ke nan da wani zai fahimta da ƙarfe biyun dare. In mutum ɗaya ne a ma'aikatar ya san su, ranar da ya tafi Kano biki ko ya samu aiki a Duwala, kun shiga uku.

pg_auto_failover, wanda ya fito daga Citus Data a 2019, shi ne na fi ba ƙananan ma'aikatu shawara a kai. Tsarinsa saba biyu da mai sa ido ɗaya. Mai sa idon shi ma ƙaramin PostgreSQL ne, shi ke duba lafiyar biyun ya ce wa zai jagoranta, kuma umarni kaɗan na pg_autoctl sun isa a tayar da komai. Yana fara aiki da kwafin tare, kuma in magajiya ta faɗi yana sassauta wa jagora ta ci gaba ita kaɗai, ya kuma ƙi naɗa magajiyar da aka bari a baya har sai ta kamo. Wato tarkon nan na tsayawa cik an cire shi. In mai sa ido ne ya mutu, biyun suna ci gaba da aikinsu, illa dai ba mai miƙa ragama har ya dawo. Rauninsa ke nan, mai sa ido ɗaya ne, amma rauni ne mai sauƙin hali, ba ya tsayar da kanta. Manhajarka kuma ba ta bukatar HAProxy in tana iya karɓar adireshi biyu, domin tun PostgreSQL 10 ana iya jera sabobi a layin haɗi a ƙara target_session_attrs=read-write, ita da kanta ta nemi wadda ke karɓar rubutu. Ka gwada wannan da manhajarka kafin ka dogara da shi.

repmgr shi ne dattijon cikinsu, daga 2ndQuadrant, yanzu yana hannun EDB. Ya iya kafa magajiya, ya iya miƙa ragama da gangan ranar gyara, kuma yana da sabar shaida. Amma ba ya kashe tsohuwar jagora da kansa. Wannan shingen kai za ka rubuta shi, kuma shi ne ainihin wurin da ake faɗuwa. Ina son repmgr a matsayin kayan aikin hannu, ba na sakar masa ragama shi kaɗai a kan layin da ba shi da tabbas. Akwai kuma Pacemaker da PAF na kamfanin Dalibo na Faransa, wanda masu karatu da Faransanci za su ci karo da shi da wuri, sai dai yana bukatar na'urar da za ta iya yanke wa saba wuta daga nesa, abin da ƙananan ofisoshi ba kasafai suke da shi ba.

Abu ɗaya da ya shafi dukkansu: in ka ajiye magajiya a wani gari kuma ka buɗe mata gurbin kwafi, jagora za ta riƙa tara mata duk rubutun da ba ta karɓa ba, fayil-fayil na megabait 16, ba tare da iyaka ba. Layi ya yi kwana uku a yanke, faifan jagora ya cika, ita ma ta faɗi. Tun siga ta 13 ta PostgreSQL akwai max_slot_wal_keep_size don iyakance wannan tarin, amma a buɗe yake zuwa, kai za ka sa masa iyaka.

Ɓangaren MySQL da MariaDB

A nan Galera, manhajar kwafin tare ta MySQL da MariaDB, ce ke jan hankali, kuma ina ganin dalili. Saba uku, kowacce tana karɓar rubutu, babu jagora balle a yi maganar naɗi, ɗaya ta faɗi biyu su ci gaba. A cikin gini ɗaya ko harabar jami'a mai fayibar kanta, abu ne mai kyau. Amma kowane rubutu sai ya zaga dukkan sabobin kafin a rufe shi, kuma in ɗaya ta yi nauyi sauran suna rage gudu su jira ta. Sabar da ke ƙarshen layi mafi rauni ita ke yanke wa kowa saurin tafiya. Wadda ta tsinci kanta ba rinjaye kuma ba karatu ba rubutu, sai ta riƙa mayar da saƙon cewa ba a shirya ta ba. Tana son teburorin InnoDB, kowanne da makullinsa na asali (primary key), abin da tsofaffin manhajojin da aka rubuta a gida ba kullum suke cikawa ba. Ma'ajiyarta ta cike giɓi megabait 128 ce in ba ka ƙara ba, kuma sabar da ta daɗe a waje har giɓinta ya wuce haka sai an kwafo mata rumbun gaba ɗaya, wanda a kan layin tsakanin garuruwa yana iya cin yini.

Babbar matsalarta a wurinmu ita ce mutuwar gaba ɗaya. In wuta ta ɗauke ukun lokaci guda, Galera tana ƙoƙarin haɗa kanta in duk sun dawo tare, amma in ɗaya ta ƙi tashi ko sun faɗi a rarrabe, sai mutum ya zo ya duba fayil ɗin grastate.dat, ya gano wadda ta fi nisa a rubutu, ya tayar da gungun daga kanta. In ya tayar daga wadda ke baya, rubutun ƙarshe ya salwanta. InnoDB Cluster na Oracle, wanda ke kan Group Replication tun MySQL 5.7.17 a ƙarshen 2016, ya fi tsari wajen kafawa, yana zuwa da MySQL Router, yana ɗaukar saba uku zuwa tara, amma shi ma bayan mutuwar gaba ɗaya yana jiran mutum ya ba shi umarnin farfaɗowa. Wanda ake ɗauke masa wuta sau da yawa a mako ya auna wannan da kyau, domin abin da littafin manhajar ke kira lamari mai wuyar faruwa shi ne abincinsa na yau da gobe.

Mai saba biyu kacal yana iya ƙara garbd, ƙaramin mai kaɗa ƙuri'a na Galera, a matsayin murya ta uku. A lura dai, garbd ba ya ajiye bayanai amma duk rubutun yana ratsawa ta kansa, don haka yana cin layi kamar cikakkiyar saba, kuma bayanan mutane suna isa inda yake. Wannan ya bambanta shi da etcd da mai sa idon pg_auto_failover, waɗanda ba sa ganin ko sunan mai ajiya ɗaya. Ga yawancin masu MariaDB a nan, tsohon kwafin biyo-baya da GTID (lambar shaidar kowane rubutu), da manhajar MaxScale a gaba in ana son naɗi ba sa hannu, ya fi Galera kwanciyar hankali. A duba lasisin MaxScale tukuna, ba irin na MariaDB ɗin kansa ba ne.

A kai komai waje mana?

Za a ce me ya kawo wannan wahala, ga Amazon RDS, rumbun haya a intanet, da ke miƙa ragama da kansa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Gaskiya ne, kuma in masu amfani da manhajarka a warwatse suke a intanet, wannan ce hanya. Amma in kashiyoyinka suna Garwa, ka mai da dogaronka kacokan kan doguwar wayar da ta taso daga bakin teku a Duwala, Limbe ko Kiribi ta ratso ƙasar duka. Na Njamena ma nasu ya fi tsawo, tunda Cadi ba ta da teku, kuma babban kason intanet ɗinta ta Kamaru yake shigowa. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da SAT-3 da ACE da MainOne, suka lalace a gaɓar yammacin Afirka lokaci guda. Rumbunka yana can lafiya, kai ne ba ka iya kaiwa gare shi. Wajen ma ba a rasa gobara: a Maris 2021 wata cibiyar OVH, kamfanin hayar sabobi, a birnin Strasbourg na Faransa ta ƙone ƙurmus, waɗanda ajiyarsu ke cikin wannan harabar kaɗai suka tashi a tutar babu. Ga kuma doka, Cadi tana da ta kare bayanan mutane tun 2015, Kamaru ta kafa tata a Disamban 2024, banki kuma yana ƙarƙashin idon COBAC, hukumar sa ido kan bankunan Afirka ta Tsakiya. A tambayi lauya kafin a fitar da bayanan masu ajiya daga ƙasa. Inda waje ke da amfani ba gardama shi ne ajiyar ko-ta-kwana da aka kulle da mabuɗin sirri.

Hannun mutum

Wannan zaɓi ne na gaske, kada a ji kunyarsa. Jagora, magajiya mai kwafi, saƙon gargaɗi zuwa wayar mutum biyu, da takarda guda manne a bangon ɗakin saba: ka tabbatar jagora ta mutu, ka zare mata wayar rezo da hannunka, ka ba magajiya umarnin pg_promote, ka juya adireshi. Wanda ya saba yana gamawa cikin minti 10 zuwa 15. Bankin da ke buɗewa da safe ya rufe da yamma, in saba ta mutu da tsakar dare, ba wanda ya rasa komai don an jira asuba. Mutum yana iya ɗaga waya ya kira Marwa ya ji ko wuta ce ko layi ne, abin da duk manhajojin nan ba sa iyawa. Inda wannan hanya ba ta isa ba shi ne wurin da ba a rufewa: asibiti mai karɓar marasa lafiya da dare, ko manhajar da ke haɗe da kuɗin waya na MTN, Orange, Airtel ko Moov, inda ciniki ke shigowa kowane lokaci.

Da ni ne a bankin nan na misali, ga yadda zan shimfiɗa shi. Saba biyu a Garwa, in da hali a gini biyu da fayibar kanmu a tsakani, in babu to aƙalla kowacce da batirinta da suwic ɗinta, suna kwafin tare. Mai sa idon pg_auto_failover a kan ƙaramar kwamfuta mai cin wuta kaɗan, a wani ɗaki, kan batirin sola. Magajiya ta uku a Marwa ko Ngaundare ta cikin rufaffen layin sirri na WireGuard, tana biyo-baya, an sa mata candidate-priority sifili don kada a taɓa naɗa ta sai mutum ya yanke shawara. Patroni sai in ma'aikatan da suka iya shi sun kai biyu kuma akwai wurare uku na gaske a cikin gari. Kuɗin da ya rage kuma ba saba ta huɗu zan saya da shi ba. Batura zan ƙara, da faifan SSD mai kariyar yankewar wuta, in kuma haɗa UPS, batirin riƙe wuta, da manhajar NUT don sabobin su kashe kansu cikin tsari kafin batir ya ƙare.

Kwafi kuma ba ya maye gurbin ajiya. Wanda ya goge teburin asusu bisa kuskure, cikin ƙiftawar ido gogewar ta isa kowace magajiya. A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab yana gyaran kwafi ya share bayanan jagora a zaton magajiya ce, hanyoyin ajiyarsu da dama aka tarar ba sa aiki, suka rasa rubutun kusan awa shida. Manhajojin ajiya irin pgBackRest ko Barman suna ba ka damar komawa daidai mintin da ke gaban kuskuren, kuma ana iya sa magajiyar nesa ta riƙa jinkirta awa ɗaya da gangan ta hanyar recovery_min_apply_delay.

Kowanne ka zaɓa, kada ka yarda da shi sai ka gwada shi ranar Lahadi da gwaji uku, manhaja tana rubutu a lokacin. Zare wa jagora wuta. Sannan mayar da komai, ka zare mata wayar rezo kaɗai ka bar ta a kunne, ka duba da idonka ko ta daina karɓar rubutu kafin magajiya ta hau. Na ƙarshe, kashe babban makunnin ɗakin duka, ka mayar, ka tayar da magajiya minti biyar kafin jagora, ka ga wa ya hau kuma ko rubutun ƙarshe yana nan. A sake gwajin duk bayan sabunta siga, kuma wanda zai riƙe takardar umarnin a ranar ya zama ba shi ne ya kafa tsarin ba.